Zaɓen Fitila Don Tankin Murjani: Darasi Kan Haske a Cikin Ruwa

Duk masuncin da ya saba tuƙa kwalekwale a rafukan da suka kewaye Guri ya san cewa ruwa suna ya tara. A watan Agusta, lokacin da Kogin Haɗeja ya kawo, ruwan yakan yi ja da laka, har idan mutum ya tsoma hannu zuwa gwiwa ba zai ga yatsunsa ba. Idan kaka ta wuce, sanyi ya shigo, laka ta kwanta, sai a riƙa hangen 'yan ƙananan karfasa suna kai da kawowa a tsakanin jijiyoyin bado. Kogin shi ne dai na jiya, rana ma haka. Abin da ya sauya shi ne yawan hasken da ke iya ratsa ruwan ya kai ƙasa.

Wannan bambanci, wanda ɗan masunci ya sani tun kafin a sa shi makaranta, shi ne tushen wata matsala da ke ci wa masu kiwon halittun teku tuwo a ƙwarya. A jami'o'i da gidajen kallon dabbobi na manyan biranen duniya, har ma da gidajen masu hali, akan kafa tanki na gilashi, a cika shi da ruwan gishiri, a zuba kifayen teku da murjani mai rai a ciki. Haɗa ruwan ba shi da wuya ainun: kimanin giram 35 na wani gishiri na musamman a kowace lita. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen fitilar da za a rataya a saman tankin. Kifi zai rayu a ƙarƙashin kowace irin fitila, domin shi hasken gani kawai yake nema. Murjani kuwa, idan aka yi kuskuren fitila, cikin 'yan makonni sai ya koɗe, ya yi fari fat, ya mutu. An yi asarar kuɗi ke nan, an kuma hallaka halittar da ta yi shekaru tana girma.

Guri tana nesa da teku da fiye da kilomita 800, don haka mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. To, ƙa'idojin da ake bi wajen zaɓen wannan fitila su ne dai waɗanda ke cikin manhajar Fiziks da Bayoloji ta babbar sakandare, kuma su ne ke hukunta ko tafkin kiwon kifi zai yi albarka ko ba zai yi ba. An ɗauki tankin murjani a matsayin misali ne saboda ba ya yafe kuskure, nan take yake tona asirin wanda bai fahimci darasin ba.

Mene Ne Murjani?

Bahaushe ya daɗe da sanin murjani, amma a wuyan mata ya san shi: jan dutsen adon nan mai tsada da fatake kan ƙetaro hamada da shi daga gaɓar Bahar Rum. Da yawa sun ɗauka dutse ne, waɗansu kuma su ce itace ne da ke tsirowa a ƙarƙashin teku. Alhali kuwa dabba ce 'yar mitsitsiya mai siffar ƙaramar jaka, baki ɗaya gare ta a sama, kewaye da waɗansu 'yan zarurruka masu harbi. Dubbai ne ke zama wuri ɗaya, kowace ta gina wa kanta ɗaki da sinadarin nan da ke cikin ɓawon ƙwai da na katantanwa. Idan na ƙasa suka mutu, sai na baya su ɗora gini a kan kangonsu. Da haka, cikin dubban shekaru, ake samun manyan tuddai a cikin teku. Mafi girmansu yana gefen Ostareliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300. Alhazan da suka bi ta ƙasa a zamanin da, suka shiga jirgin ruwa a Sawakin ta ƙasar Sudan, sun kwana a inuwar gidajen da aka gina da tubalin murjani, suka kuma tarar da irinsu a tsohon garin Jidda.

Abin mamaki game da murjani mai gina tuddai shi ne yadda yake cin abinci. A cikin tsokarsa akwai wata gansakuka mai ƙwayar halitta ɗaya tak, wadda masana ke kira zuzantela. Ƙanƙantarta ta kai a sami miliyan ɗaya ko fiye a fili mai faɗin santimita ɗaya da tsawon santimita ɗaya. Kamar kowane ganye, tana amfani da hasken rana ta haɗa ruwa da iskar kabon-dayoksaid ta yi sukari, aikin da ake kira fotosintesis. Daga abin da ta sarrafa, har kashi 90 cikin ɗari kan shiga jikin murjanin. Shi kuma ya ba ta masauki, ya ba ta dattin jikinsa ta yi taki da shi. Zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ke nan. Saboda haka fitilar da ke saman tanki ita ce akushin tuwon murjani. Wanda ya saye ta don kyawun gani kawai, kamar wanda ya sayi akushi ne don zanen da ke jikinsa bai buɗe ya ga abin da ke ciki ba.

Amma jan murjanin da ake yin ado da shi ba ya cikin wannan lissafi. Ba shi da zuzantela ko kaɗan, a kogunan dutse da wurare masu duhu na teku yake zama, yana kama ƙananan halittu da zarurrukansa. Wannan ya nuna cewa tambayar farko ga mai neman fitila ita ce: wane irin murjani za a kiwata? Har ila yau, dogaro da haske yana daga cikin dalilan da suka sa babu manyan tuddan murjani a gaɓar tekun Nijeriya. Kogin Neja da sauran koguna suna kwararo laka da ruwan daɗi cikin tekun, su mai da shi kamar Kogin Haɗeja a watan Agusta.

Yadda Ruwa Ke Tace Haske

Hasken rana, wanda ido ke gani fari, gauraye ne na launuka, kamar yadda bakan gizo ke nunawa. Kowane launi da tsawon zangonsa. Masu sauraron rediyo sun saba jin gajeren zango mita kaza. Haske ma zango gare shi, sai dai gajartarsa ta sa ake auna shi da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Idon ɗan Adam yana gani daga kusan nanomita 400, inda shuɗi mai duhu yake, zuwa 700, inda ja yake.

Ruwa ba ya yi wa waɗannan launuka adalci. A teku mai garai-garai, jan haske ne ke fara mutuwa, kafin a kai zurfin mita 5 yawancinsa ya ƙare. Ruwan goro yakan kai wajen mita 10, rawaya wajen mita 20, kore ya ɗan zarce, shuɗi kuwa yana iya kaiwa kusan mita 200. Shi ya sa idan mai ninƙaya ya yanke a zurfin mita goma sha, jininsa kore-kore yake ganinsa, domin babu jan hasken da zai faɗa kan jinin ya dawo ido. Zuzantela ta saba da wannan shuɗiyar duniya. Ban da kulorofil, wato sinadarin da ke sa ganye kore, wanda ke kama shuɗi da ja, tana da wani sinadari mai suna feridinin da ke kama haske tsakanin shuɗi da kore.

A fadamar Haɗeja labarin ya juye. Laka da ruɓaɓɓen ganye da suka narke a ruwa shuɗin haske suke fara shanyewa, su bar rawaya da ja. Don haka fitilar da ta dace da tankin ruwan daɗi, wanda malami zai zuba wa tsirran rafi da 'yan karfasa a ɗakin gwaji, fara ce irin hasken hantsi. Ta tankin murjani kuwa dole shuɗi ya rinjaya a cikinta. Haka nan duk wanda ya lura da gashin bakin tarwaɗa da ƙananan idanunta ya ga kifin da ya daina dogara ga haske, ya koma laluben abinci da taɓi da ɗanɗano.

Ƙarfi, Launi da Lokaci

Kuskuren da aka fi yi wajen ƙarfin fitila shi ne a dubi lambar wat da ke jikin kwali. Wat yana faɗin yawan lantarkin da fitila ke sha ne, ba ya faɗin hasken da take bayarwa. Tsohon ƙwan lantarki mai zare, mai wat 100, fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da ya sha zafi yake zama. Kuskure na biyu ya fi wannan wuyar ganewa, shi ne a amince da ido. Idon mutum ya fi jin haske mai zangon nanomita 555, wato kore mai ɗan rawaya, kuma wannan na cikin launukan da kulorofil ba ta cika amfani da su ba. Ke nan fitila tana iya kashe wa mutum ido da haske alhali murjanin da ke ƙarƙashinta yunwa yake ji. Wata kuma shuɗiya da ake gani dishi-dishi tana iya ƙona shi. Ma'aunin laks, wanda masu ɗaukar hoto ke amfani da shi, a kan idon mutum aka gina shi, don haka shi ma ba abin dogaro ba ne a nan.

Abin da masana ke aunawa shi ne yawan ƙwayoyin haske, wato foton, masu zango tsakanin nanomita 400 da 700, da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Ana kiran wannan ma'auni PAR, kuma akwai na'urar da ake tsomawa cikin ruwa ta nuna lambarsa. Ranar tsaka a ƙasashe masu zafi takan ba da kusan 2,000 a saman ruwa. Ƙiyasin da masu kiwo ke bi shi ne, murjani mai taushi, wanda ba ya gina ɗaki mai tauri, yana wadatuwa da 50 zuwa 150. Mai rassa kamar ƙahon barewa, irin wanda ake kira Akrofora, da ke zama kusa da saman teku, yana neman 200 zuwa 400.

A lura cewa lambar da ake magana ita ce wadda ta isa jikin murjanin, ba wadda ta fito daga bakin fitila ba. Duk wanda ya taɓa karatu da aci-balbal ya san idan ya matsar da allo nesa, rubutu ya dushe. Ƙa'idar ita ce, idan nisa daga ƙaramar fitila ya ninka sau biyu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu; idan ya ninka sau uku, ya koma ɗaya cikin tara. Madubin da ake sa wa fitilun tanki don tattara haske yana rage wannan asara, amma ba ya kawar da ita, ga kuma ruwan da ke shan nasa rabo. Saboda haka tanki mai zurfin santimita 60 yana da unguwanni: masu son rana a jera su kan duwatsun sama, masu son inuwa a ƙasa ko gefe. Gishirin da ya bushe a gilashin fitila, ko ruwan da ya yi rawaya don datti, su ma ɓarayin haske ne da ba a cika zargi ba.

Launin fitila da Kelbin ake faɗinsa, kuma maƙera sun fi kowa saurin gane wannan. Ƙarfe a wuta yakan fara yin ja, idan zuga ta yi ƙarfi ya koma rawaya, daga nan ya yi fari. Da zai ƙara zafi ba tare da ya narke ba, da ya karkata zuwa shuɗi. Lambar Kelbin ta fitila tana nufin zafin da irin wannan abu zai kai kafin ya ba da launinta. Harshen kyandir bai kai 2,000 ba, ƙwan lantarki mai zare 2,700 ne, ranar tsaka tsakanin 5,500 da 6,500. Fitilun murjani daga 10,000 suke farawa har zuwa 20,000, kuma akan haɗa musu da wata shuɗiya zalla mai zango wajen nanomita 420 zuwa 460. Babbar lamba ba ta nufin fitilar ta fi ƙarfi ko ta fi zafin taɓawa, launi kaɗai take nunawa. A ƙarƙashin shuɗin hasken ne waɗansu sinadarai na jikin murjani ke ƙyalli, kore da ja da ruwan goro, abin da ke ruɗin waɗansu masu kiwo su cika shuɗi har kifayen tankin su rasa kamanninsu.

Maganar lokaci gajeriya ce. Tuddan murjani suna yankin da dare da rana ke kusan daidai, kamar dai Guri, inda wuni ke kasancewa tsakanin awa 11 da 13 duk shekara. Awa 10 zuwa 12 ya isa, a fara da dishi-dishi, a kai ƙololuwa da rana, a sauko da yamma. Barin fitila mai rauni a kunne dare da rana ba ya cike giɓinta. Gansakukar banza kawai zai haifar, ta lulluɓe gilashi da duwatsu. Da dare ne kuma yawancin murjani ke miƙe zarurrukansa ya yi farauta.

Wace Fitila?

A shekarun 1990 masu kiwon murjani mai tauri da fitilar metal-halaid suka fi dogara, mai wat 150 ko 250 ko 400. Haskenta yana ratsa ruwa sosai, amma shan lantarki da zafi gare ta. Daga baya dogon ƙwai siriri da ake kira T5 ya yaɗu. Shi yana shimfiɗa haske daidai ko'ina, sai dai launinsa yana gushewa a hankali ba tare da ido ya lura ba, don haka akan canza shi kusan duk shekara ko da bai mutu ba. Yau fitilar LED ce ta mamaye wannan sana'a. Ba ta samu ba sai da aka ƙera shuɗiyar LED mai ƙarfi a Japan a farkon shekarun 1990, aikin da ya sa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka sami kyautar Nobel ta Fiziks a 2014. Farar tocila da fitilar sola da ake sayarwa a kasuwar Haɗeja 'ya'yan wannan bincike ne, domin kowace shuɗiyar LED ce aka shafa wa wani rawayan sinadari ta koma fara.

A ƙasa mai zafi, zaɓin ya kusan yanke kansa. Tankin murjani yana son ruwansa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Selshiyos, alhali a Haɗeja zafin bazara yakan wuce digiri 40. Fitilar da ke ƙara wa ruwa zafi tana jawo sayen babbar na'urar sanyaya ruwa, ita ma da nata cin wutar. Ɗalibi zai iya yin lissafin da kansa: metal-halaid mai wat 250, idan ta yi awa 10, ta sha kilowat-awa 2.5 a wuni. LED mai wat 100 kilowat-awa 1 za ta sha. Ga wanda ke dogara da faifan sola da batir, wannan bambanci shi ne tsakanin abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Aibin LED shi ne haskenta tsinini yake sauka, yana barin inuwa a ƙarƙashin rassa, kuma sauƙin murɗa ta yana sa mai ita ya yi ta canje-canje, abin da murjani ba ya so.

Haɗarin zafi da haske idan sun gamu ya wuce maganar kuɗi. Idan ruwa ya ɗumama fiye da ƙima, injin fotosintesis na zuzantela yakan sami tangarɗa, hasken da ta kama ya rasa inda za shi, sai ya haifar da waɗansu nau'o'in oksijin masu guba. Murjani, don ceton kansa, sai ya kori baƙuwar. Da ma ita ce ke ba shi yawancin launinsa, don haka farin ƙashinsa ya bayyana. Bai mutu ba tukuna, amma rumbunsa ya ƙone. Ƙarin digiri ɗaya kacal a kan zafin da aka saba gani a lokacin bazara, idan ya ɗauki makonni, ya isa ya jawo haka. An ga wannan annoba a tekunan duniya baki ɗaya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sannan wadda ta fara a 2023. A cikin tanki, ƙwararru kan rage haske a ranakun da ruwa ya yi zafi. Idan an sayo sabuwar fitila kuwa, akan fara da kusan rabin ƙarfinta, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan cikin mako uku ko huɗu. Murjanin kansa yana ba da labari: idan ya rine zuwa ruwan ƙasa mai duhu, ya tara zuzantela ne don haske ya yi masa kaɗan, idan samansa ya koɗe, gefen inuwa kuma yana nan da launinsa, haske ya yi yawa.

Gwaji a Bakin Rafi da Cikin Aji

Tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, tafiyar ruwan Kogin Haɗeja ta sauya. Rafukan da kan ƙafe da rani suka koma riƙe ruwa duk shekara, ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta toshe rafin Marma da gonakin Guri da maƙwabtanta. An fi kuka da ita kan tare hanyar ruwa da ta kwalekwale da kuma ba tsuntsayen jan-baki mafaka. Amma tana da wata ɓarna ta ɓoye: tsayinta ya fi na mutum, inuwarta tana hana haske isa ruwa, ƙananan gansakukan da karfasa ke ci kuwa da haske suke rayuwa.

Ɗalibai za su iya auna wannan da kayan da ba su kai kuɗin littafi ba. A sami murfin bokiti ko faranti mai faɗin santimita 20, a raba shi huɗu, a shafa fari da baƙin fenti bi da bi, a ɗaura masa dutse a ƙasa da igiya mai alama a kowane santimita 10. A riƙa saukar da shi cikin ruwa ta gefen inuwar kwalekwale har ya ɓace, a rubuta zurfin. A jawo shi har ya sake bayyana, a rubuta. A haɗa lambobin a raba biyu. Wani masanin taurari ɗan Italiya, Angelo Secchi, shi ya fara wannan awo a Bahar Rum a 1865. Hasken da tsiro zai iya amfani da shi yakan kai ninki biyu zuwa uku na wannan zurfi. A tekun murjani faifan yakan kai mita 20 ko fiye kafin ya ɓace. A tafkin kiwon karfasa kuwa, santimita 30 zuwa 45 ake so, muddin koren gansakuka ne ya rufe faifan ba laka ba. A maimaita awon sau ɗaya a wata, a wuri ɗaya da lokaci ɗaya, daga Agusta zuwa Maris, tare da malami da masuncin da ya san ruwan.

Gwaji na biyu na cikin aji ne. A yanko reshen tsiron da ke rayuwa a nutse cikin ruwa, a sa shi a kwalba mai haske, wurin yankan yana kallon sama, a barbaɗa ɗan garin bekin-soda don ƙara kabon-dayoksaid. A rufe tagogi, a kunna fitila a nisan santimita 10, a ƙirga ƙwayoyin iskar da ke fitowa daga wurin yankan cikin minti ɗaya. A koma santimita 20, sannan 40, ana ba tsiron minti biyar ya daidaita kafin kowace ƙirga. Daga nan a dawo santimita 10, a rufe fitilar da leda ja, sannan shuɗiya, sannan koriya. Idan fitila mai zafi ce, a gitta kwalbar ruwan sanyi tsakaninta da tsiron, don kada a ɗora wa haske abin da zafi ya aikata. A kuma tuna cewa leda mai kauri tana rage ƙarfin haske ban da sauya launinsa, saboda haka a nemi ledoji masu kauri ɗaya, a yi kowace ƙirga sau uku kafin a shigar da ita cikin jadawali.